Tsare Babur Daga Tsatsa: Damina Ce Lokacin Feshi

Daga Malamin Gona, Tambuwal

Makon nan za mu ɗan jingine zancen iri da shuka, mu duba wani kayan aiki wanda ya shigo cikin noma da ƙarfinsa, watau babur, ko mashin kamar yadda mu ke cewa a ƙasar Sakkwato. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, ranar da kasuwa ke ci, ya san abin da na ke nufi. Ga mai buhun albasa biyu, ga mai shinkafa, ga wanda ya ɗaure injin ban ruwa da tiyonsa, ga wanda ya goyo tunkiya. Aikin da jaki da raƙumi su ke yi wa iyayenmu, yau babur ya ɗauke rabinsa ko fiye. A ƙauyukan da ke kewayen Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da can wajen Kebbe da Kuchi, akwai da yawa waɗanda mota ba ta shigarsu in damina ta nutsa. A nan babur ne ke kai taki gona, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

To, abin da ya ke da wannan amfani ai ya cancanci kulawa, balle ga tsada. A shekarar 2024 kuɗin sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan 1. Kowa ya lissafa da kansa buhunan gero nawa ke nan. Amma a yawon da na ke yi na duba gonaki, na kan ga babur bai cika shekara uku ba, injinsa lafiya lau, jikinsa kuwa ya yi ja wur, kariya ta karye an yi walda, salansa ta huje, notina sun ƙi sifana. Ba tsufa ya kashe shi ba, tsatsa ce.

MENE NE TSATSA?

Tsatsa ba ta fita sai abu uku sun gamu: baƙin ƙarfe, da ruwa, da iska. In ka raba ƙarfe da ruwa, ta mutu. Wannan shi ne dukan asirin. Fenti, da mai, da giris, da maganin feshi na gwangwani, duk aikinsu ɗaya ne, su shiga tsakanin ƙarfe da ruwa.

Ba sai an tsoma ƙarfe cikin gulbi ba. Laimar da ke cikin iska ma ta isa. Masana sun gwada sun ga cewa in laimar iska ba ta kai wajen kashi 60 cikin 100 ba, ƙarfe ba ya tsatsa sai kaɗan ƙwarai, in kuwa ta haura nan sai ta kama aiki. Har wa yau, tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kauri fiye da ninki biyu. Saboda haka in ta sami ɗan ƙarzane ta shiga ƙarƙashin fenti, sai ta kumbura ta ɓamɓare shi, ta buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kumburin nan ne kuma ke sa noti ya cije.

Akwai abu na huɗu mai zuga ta, shi ne gishiri. Ruwan da ke da gishiri ya fi ruwan daɗi saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba, gishirin kuma ya kan jawo laima ya riƙe, har ƙarfen ya kasa bushewa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

SANYINSU DA DAMINARMU

A Ingila da sauran ƙasashen sanyi, lokacin ɗari shi ne lokacin tsatsa. Dalili kuwa, a lokacin ruwa da ƙanƙara ba su yankewa, hukuma kuma ta kan barbaɗa gishiri bisa tituna don kada ruwa ya daskare motoci su riƙa zamewa. Taya ta kwaso ruwan gishirin nan ta watsa wa babur. Don haka masu babura a can su kan wanke abinsu tas wajen watan Oktoba ko Nuwamba, su feshe shi da maganin tsatsa kafin sanyi ya kama. Yawancin shawarwarin da a ke bayarwa game da irin wannan magani, don su aka tsara.

Mu kuwa namu ya sha bamban. Sanyinmu, watau hunturu, busasshe ne ƙayau. Laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. A irin wannan iska tsatsa barci ta ke yi. Lokacin farkawarta shi ne daga saukar ruwa, wajen Mayu ko Yuni, har zuwa ɗaukewarsa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, tun ba watan Agusta ba, lokacin malka, sa'ad da wanki ke kwana bai bushe ba. Wanda ya bari sai hunturu sa'an nan ya yi feshi, ya zo bayan an tashi kasuwa.

GISHIRINMU YANA CIKIN BUHU

Wani zai ce, to, mu ai ba a zuba mana gishiri a titi. Gaskiya ne, amma mu da kanmu mu ke ɗora shi bisa kariya. Takin zamani na NPK, wanda mu ke kira kamfa, yana ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan gishirin miya, mai tsananin cin ƙarfe. Yuriya kuwa, ko da ya ke ita ba gishiri ba ce, tana shan ruwa daga iska in laima ta haura kashi 70 cikin 100. Kun ga dalilin da ya sa buhun da aka buɗe ya kan jiƙe ya dunƙule da damina. In ta narke ta kan fid da wani tururi mai yaji wanda ke cin jan ƙarfe, wayoyin lantarkin babur kuwa da jan ƙarfe aka yi su.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa. Manomi ya ɗauro buhu mai kilo 50, hanya ga gargada, ƙwayoyin taki suna zuba ta ɗinkin buhu. Su shige ƙarƙashin sirdi, su maƙale cikin madigadi, su faɗa kan sarƙa da shokazoba. Ya ratsa kwari, ruwa ya narkar da su, laka ta rufe. Da dare raɓa ta ƙara jiƙa su. Haka za su zauna suna ci har wata da watanni. Ku duba babur ɗin duk wanda ke dakon taki, za ku tarar bayansa ya fi gabansa lalacewa. Haka kuma ga mai ɗaukar gishirin shanu ko kanwa.

Lakar fadama ma ba ta da dama. Irin baƙar lakar bakin gulbin Zamfara, wajen Kebbe, ta kan manne kamar danƙo, bayanta ya bushe amma cikinta da damshi, ƙarfe na jiƙe a ƙarƙashi maigida bai sani ba.

Zancen bai tsaya ga dukiya kaɗai ba. Sandar birkin baya da wayar birkin gaba, in tsatsa ta cinye su, ba su kan yi sallama kafin su tsinke. Ranar da za su tsinke kuwa ita ce ranar da aka danna su da ƙarfi, ga kaya, ga goyo.

MAGUNGUNAN DA KE AKWAI

Maganin feshi iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne WD-40, a kan same shi da ire-irensa wurin masu sayar da kayan mota da na babur. An ƙago shi a 1953 a birnin San Diego na Amurka don tsare jikin roka daga tsatsa. Haruffan nan biyu na sunansa suna nufin korar ruwa, 40 ɗin kuwa domin a gwaji na arba'in aka dace. Aikinsa ke nan: yana kutsawa ƙarƙashin ruwa ya kore shi, ya kwance notin da ya cije, ya busar da hular fulogi in ta jiƙe. Sai dai ba ya daɗewa, ruwan sama da wanki suna tafiya da shi, dole a riƙa maimaitawa. Kuma bai isa ya zama man sarƙa ba, ya yi tsinkewa da yawa.

Na biyu shi ne mai kauri, wanda ke barin wata 'yar fata ta maiƙo bisa ƙarfe har watanni. Misalinsa ACF-50, wanda aka yi a Kanada saboda jiragen sama, masu babura a Ingila kuma suka rungume shi. Wannan ya fi ƙarko, amma yana da tsada da wuyar samu a kasuwanninmu.

Wanda bai sami ko ɗaya ba kada ya damu. Sabon man inji ko man giya da tsumma mai tsabta, da ɗan giris, da kwalbar basilin, suna biyan yawancin bukata. Abin da feshi ya fi su da shi kawai shi ne shiga lungun da hannu ba ya kaiwa.

Abu biyu zan hana. Na ɗaya, baƙin man da aka juye daga inji. Yana da tsami da garin ƙarfe a ciki, yawan taɓa shi kuma yana cutar da fata. A shafa wa garma da fartanya in za a ajiye su, wannan ba laifi, amma ban da sarƙa da wayar birki. Na biyu, man gyaɗa. Ya kan yi danƙo ya daskare, ya kuma gayyato tururuwa da ɓera.

YADDA A KE YIN AIKIN

A zaɓi rana mai haske cikin watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Aikin bai fi na yini ɗaya ba.

Da farko wanki. A bari inji ya huce, a toshe bakin salansa da leda, a wanke da ruwa mai kyau da sabulu. A sa buroshi ko tsinke a ƙwaƙule laka daga cikin madigadi, da ƙarƙashin inji, da bayan matakai. A ɗaga sirdi a share ƙarƙashinsa. A ɗauraye sosai, domin garin sabulu shi ma yana da nasa gishirin. Kada a watsa ruwa da ƙarfi wajen boris ɗin ƙafafu ko wajen kafireto.

Na biyu, shanya. A cire ledar, a ta da inji minti goma, a ɗan zagaya a hankali ana taka birki har ya bushe, sa'an nan a bar shi a rana. Duk wanda ya shafa mai bisa laka ko datti, ya kulle ɓarawo cikin ɗaki ne.

Na uku, duba ciwo. Inda fenti ya ɓare ko tsatsa ta fara, a goge da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa irin wanda masu walda ke sa wa ƙofa, in ya bushe a bi da baƙi. A lura ƙwarai da wuraren walda da gindin kariya.

Na huɗu, feshi, bayan inji ya huce sarai. A rufe tayoyi da wurin birki da tsohon buhu. A fesa kaɗan kaɗan bisa firam, da ƙarƙashin tanki, da cikin madigadi, da zoben shokazoba, da kawunan notina, da mahaɗin jak da na matakin birki, da sandar birki. Wurin da ke kusa da taya, kamar wili da wayoyinsa waɗanda makanikai ke kira sifok, a fesa wa tsumma a goga. Bayan ɗan lokaci a bi da busasshen tsumma a kwashe abin da ya yi yawa. Abin da a ke so shi ne ƙarfe ya yi sheƙi, ba ya riƙa ɗiga ba.

Na biyar, sarƙa da wayoyi. A wanke sarƙa da kananzir, ban da fetur, a bar ta ta tsane, a ɗiga man giya ana juya ƙafa, a goge saura. A bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Gidan sarƙa da samari ke cirewa don ado, a mai da shi, shi ne garkuwarta. A ɗiga mai cikin wayar kuloci da ta birki daga sama. A kwance kawunan batir, a goge farin garin da ke kansu, a ɗaure, a shafe da basilin.

Daga nan sai tsarewa. Ko wane mako a wanke, a maimaita feshi in mai ruwa-ruwa ne, a ɗiga wa sarƙa mai. Ranar da aka ɗauki taki, a shimfiɗa leda ko tsohon buhu bisa kariya tukuna, a kuma ɗauraye bayan babur a ranar, kada ya kwana. Bokiti ɗaya ya isa.

INDA BA A FESAWA

A nan ina roƙonku ku natsu. Mai in ya taɓa cikin birki, birki ya daina kamawa. In ya taɓa taya, sai santsi, ga shi kuma yana ruɓar da roba. Kada ya taɓa mariƙin hannu, ko sirdi, ko robar matakai. Bayan ko wane feshi a gwada birki gaba da baya a ƙofar gida kafin a hau titi.

Abin da ke cikin gwangwanin yana kama wuta kamar fetur. Ba a fesawa kusa da murhu, ko fitilar kananzir, ko mai shan taba, ko bisa inji mai zafi. A yi aikin a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, nesa da hatsi da albasa da abincin dabbobi. Kada a bar gwangwani a rana, domin zafin bazararmu ya kan wuce digiri 40, gwangwani kuwa in ya yi zafi ƙwarai fashewa ya ke yi. In ya ƙare kada a jefa shi wuta, kada kuma a ba yara su yi wasa da shi.

WURI UKU DA FESHI BA YA KAIWA

Na fari cikin tanki. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, mutane da yawa lita ɗaya ko kwalba su ke saye, tanki kullum kusan wayam. Inda babu fetur iska ce ke ciki, iskar damina kuwa da laima. Da dare in ƙarfe ya yi sanyi, laimar ta zama ɗigon ruwa, ruwan ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a gindi. Nan tsatsa ke farawa, garinta ya bi tiyo ya toshe kafireto, babur ya riƙa shaƙewa, ƙarshe tanki ya huje. Kuɗin man duk ɗaya ne, ko an saya da tanki cike ko wayam. Wanda ya sami hali ya cika sau ɗaya, ya riƙa ƙarawa tun bai yi ƙasa ba. A duba robar murfin tanki, a tace man da aka saya a kwalba, a kuma sa bakanike ya kwance ɗan notin gindin kafireto ya zubar da ruwan da ya taru, ko sau ɗaya a wata.

Na biyu cikin salansa. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fid da tururin ruwa kusan lita ɗaya. In tafiya gajera ce, salansa ba ta yi zafin da za ta kore shi ba, sai ya kwanta ciki ya ci ta daga ciki. Maganinsa a riƙa ba babur tafiya mai ɗan nisa, in kuma akwai 'yar huda a ƙarƙashin salansar a tsokane ta da waya kada ta toshe.

Na uku cikin wili, ƙarƙashin taya. Ruwa na shiga ta ramukan sifok duk lokacin da aka ratsa kwari. Tsatsar da ke nan ita ce ke huda tif ba ƙaya ba ƙusa. Da kaka a kai wa mai faci ya cire taya, a kankare, a shafa fenti, a sake robar da ke rufe kawunan sifok.

WURIN KWANA

Kada babur ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan taki. Kada ya kwana kusa da turken dabbobi, fitsarinsu na cin ƙarfe. Ƙasa mai damshi tana ta da laima da dare, saboda haka a sa masa katako ko daɓe. Naɗe shi ruf da leda ko tamfol alhali yana jiƙe ya fi barinsa a fili muni, gumi zai yi ta yi a ciki. Zaure ko rumfa mai shan iska, wadda ba ta yoyo, ita ce daidai.

IN HUNTURU YA KAMA

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abokin gaba ya sake, ƙura ce. Man da ya tsare babur da damina, yanzu shi ne ke kama ƙura, su haɗu su zama kamar samfefa, su riƙa cin sarƙa da haƙoranta da robar shokazoba. Saboda haka da an gama girbi a yi babban wanki, a goge tsohon maiƙo, a taɓa fenti inda damina ta yi ɓarna. Daga nan a rage feshi, a bar shi ga notina da mahaɗai kaɗai. Sarƙa a sa mata mai kaɗan, a goge bayanta. Matatar iska a duba ta ko wane mako. In ta soso ce a wanke, a shanya, a ɗan shafa mai a matse. In ta takarda ce a kakkaɓe, ba a wanke ta, in ta toshe a sake.

Amma masu noman rani, ku naku dabam ne. Mai albasa ko shinkafa ko tattasai a fadama yana cikin ruwa da laka da yuriya har bazara, ga raɓar asuba ta bakin gulbi. Gare ku damina ba ta ƙare ba, ƙura kuma ta ƙaru. Ku ci gaba da wanki da feshin ƙarƙashi, ku riƙa goge sama. Abin da na faɗa game da babur kuwa ya hau kan injin ban ruwa, da garmar shanu, da amalanke.

Jama'a, sabulu da tsumma da gwangwani ɗaya ba su kai kuɗin salansa guda ba, balle tanki, balle rai. Mun san jaki ba ya aiki sai an ba shi dusa an cire masa kaska, to, na ƙarfen ma haka ya ke. Rigakafi ya fi magani. Wanda ke da tambaya ya tari malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto wa wannan fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu bisa hanya, amin.